Yawan Ganye Ba Shi Ne Lafiya Ba

Karatunmu na yau yana cikin Karin Magana 27:23, inda aka gargaɗi mai garke ya san halin da dabbobinsa suke ciki. A Farawa 2:15 kuma mun ga Allah ya danƙa wa Adamu gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. To, yaya za mu kiyaye abin da ba mu san lafiyarsa ba?

Masana halitta idan za su auna lafiyar wani yanki, ba sa duba abu ɗaya. Sukan gwada ruwa da ƙasa, su ƙirga irin itatuwa, tsuntsaye da kifayen da suka rage, su kwatanta da na shekarun baya. Dalili kuwa, ido yakan ruɗi mutum.

Ga misali daga fadamar Haɗeja da Nguru. Bayan an gina dam na Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar da ta saba zuwa ta janye kowace shekara ta canja. Sai ciyawar kachalla ta bazu. Baƙo zai ga ko'ina kore shar, ya ce albarka ce. Amma ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta hana masunta wucewa, ta zama mafakar tsuntsayen jan baki masu cin hatsi.

'Yan'uwa, mu ma mu binciki namu. Rafinmu yana kai wa watan Maris kamar dā? Muna ganin tana idan mun yi huɗa? Wuta-wuta ta yi yawa a gonar dawa? Wannan alama ce ƙasa ta gaji. Ina zuma, ina ungulu, ina ɗorawa da kaɗanya? Mu tambayi dattawan ikkilisiya abin da suka tarar, mu rubuta, kafin mu sake cinna wa daji wuta ko mu zuba guba a rafi. Abincin jikokinmu ne a hannunmu.

A Markus 11 Yesu ya iske itacen ɓaure cike da ganye, amma babu 'ya'ya. Shi 'ya'ya yake nema, a gonakinmu da zukatanmu duka.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka buɗe idanunmu mu zama amintattun masu riƙon amanarka, cikin sunan Yesu. Amin.