Awon Saurin Manhaja: Daga Laburaren timeit Zuwa Teburin Mai POS a Bata



Tambaya ɗaya ce ta kawo ni gabanku yau. Idan ɗayanmu ya ce manhajarsa tana da sauri, da wane agogo ya auna, a kan wace na'ura, kuma a wane yanayi?

Da Bata ta cikin Kano zan kafa misali, domin nan ne Fagge da Sabon Gari suka haɗu, ga Kasuwar Sabon Gari, ga Singa, ga Kantin Kwari ba nisa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira, ciniki da yawa ya koma kan waya da na'urar POS. Wannan ya buɗe wa matasanmu kasuwa: manhajar ƙirga kaya, ta rubuta bashi, ta fitar da rasit. Ɗan kasuwa kuwa ba ruwansa da yaren da aka rubuta ta. Idan mai saye yana tsaye ita kuma tana juyi, ya koma wa littafinsa da biro.

Mu fara da agogon kansa. Mafi yawan masu koyon Python da time.time() suke farawa: a karanta lokaci kafin aiki, a karanta bayansa, a ɗebe. Matsalar ita ce wannan agogon bango ne na kwamfuta, kuma ana iya gyara shi a tsakiyar awo, musamman idan na'urar tana daidaita lokacinta ta intanet. Shi ya sa a Python 3.3, a 2012, aka shigo da time.perf_counter(), wanda aka keɓe don auna tazara tsakanin lokuta biyu. A 2018 Python 3.7 ya ƙara perf_counter_ns(), mai ƙirga da nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan.

Sai dai awo ɗaya ba shaida ba ne. A nan laburaren timeit yake shigowa, wanda yake cikin Python tun 2003. Yana ɗaukar ɗan guntun kod ya maimaita shi, sau 1,000,000 idan ba a ce masa komai ba, kuma yana dakatar da mai kwashe sharar ma'adana har ya gama, don kada sharar ta shiga lissafi. Duk wanda ke koyarwa ya gwada wa ɗalibansa wannan: a zuba lambobin kaya 100,000 a list, a zuba su a set, a nemi lamba ta ƙarshe. List zai bi su ɗaya bayan ɗaya, set kuwa kai tsaye yake zuwa inda lambar take. Bambancin da allo zai nuna ya fi kowace lacca gamsarwa.

Idan aka yi amfani da repeat na timeit, wanda yanzu yake zagaye 5, bayanin Python kansa ya ba da shawarar a ɗauki mafi ƙanƙantar sakamako. Hujjarsa mai ƙarfi ce: kod ɗin bai canza ba, don haka duk abin da ya ƙaru daga wasu ayyukan na'urar ya fito. Na yarda da wannan idan ana kwatanta hanyoyi biyu na rubuta abu ɗaya. Amma ina ganin mun wuce da shawarar inda ba a aike ta ba. Ɗan adaidaita sahu da ya tashi daga Bata zuwa Kabuga bayan sallar asuba ya nuna mana iyakar saurin hanyar, amma fasinjan ƙarfe biyar na yamma, lokacin da ake tashi daga kasuwa, wani lissafin yake yi. Mai shago da lokacin da ya fi muni yake tuna manhajarka. Saboda haka a ajiye lambobi biyu: mafi ƙanƙanta don sanin kod, da kuma lokacin da kashi 95 cikin 100 na ayyuka ke gamawa a cikinsa, don sanin abin da mutum zai gani.

Akwai kuma yanayin garinmu. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, waya kuwa idan ta yi zafi da kanta take rage gudun furosesa. Laftof ma idan an ɗauke wuta ta koma kan batir takan ja baya. Injiniyoyin Google sun san da haka, shi ya sa laburarensu na awo a Android, Jetpack Benchmark, yake lura da zafi ya dakata sai na'urar ta huce. Awon da aka yi a ofis mai sanyi a kan babbar kwamfuta bai faɗi komai ba game da ƙaramar itel ko Tecno da ta wuni cikin rana a ƙarƙashin laima.

Tun 1974 Donald Knuth ya gargaɗi masu rubuta manhaja kan ɓata lokaci wajen gyaran sauri inda ba nan matsalar take ba. A harkar biyan kuɗi, sau da yawa jiran sabis da amsar banki ne ke cin lokacin. Gane haka ba wuya: time.process_time() aikin furosesa kawai yake ƙirgawa, perf_counter() kuwa har da zaman jira. Idan na farkon ƙarami ne na biyun babba, to manhajar jira take yi, kuma gyaran madauki ba zai amfana ba. Abin yi shi ne a rage yawan tambayar saba, a ajiye bayanan kaya a wayar. Idan kuwa furosesa ce ke wahala, cProfile zai nuna aikin da ke cinye ta.

Roƙona ga sassan koyar da kwamfuta, daga Jami'ar Bayero har ta Wudil, shi ne kada a karɓi kundin ɗalibi da ya ce shirinsa ya fi sauri sai ya rubuta na'urar da ya auna a kai, da sigar yaren, da yawan maimaici, da girman bayanan, da ko tana kan caji ko batir.