Jubili a Bakin Rumbu



An riga an tuna mana tarihi: yadda masu-bishara na SIM suka sauka Damagaram a 1924, yadda Littafi Mai-Tsarki dukansa ya fito da Hausa a 1932, da yadda aka buɗe asibitin Galmi a 1950. Mun gode Allah. Ni kuwa an ba ni magana a kan zaman mai-bi na yau da kullum, zan kuwa fara da ita kalman nan jubili.

Ku duba Littafin Firistoci sura 25. Kowace shekara ta hamsin akan busa ƙaho cikin ƙasar Isra'ila. Wanda talauci ya sa ya sayar da gonar gadonsa sai ya koma gonarsa, wanda ya sayar da kansa ga ɗan'uwansa sai a sake shi. Cikin suran nan kuma Allah ya hana karɓar riba daga ɗan'uwa matalauci, ko a kan kuɗi ko a kan abinci. Watau jubili na fari a gona da bakin rumbu aka yi shi.

To, ga watan Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, gero bai nuna ba. Maƙwabcinka ya zo da dare, yana jin kunya, ya roƙi rancen tiya goma. Ka ce masa da kaka ya kawo ashirin. Ya yarda, gama yara suna kuka. Ran Lahadi kuma ga ka a gaba cikin majami'a, muryarka ta fi ta kowa. Wani kuwa tiya biyu gare shi, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Wani yana riƙe da gonar gwauruwa jingina shekara da shekaru, ya ci amfaninta har ya ninka kuɗinsa, bai mayar ba. Ban ambaci sunan kowa ba, kowa ya san rumbunsa.

Da yawa cikinmu mu kaɗai ne masu-bi a gidajenmu. Kawunka ba ya zuwa sujada, bai taɓa buɗe Linjila ba, amma ya san tiyarka sarai. Addininsa ma ya hana riba. Idan ya ga ka ci, me za ka gaya masa a kan sabuwar haihuwa?

Kun san ƙuduji. Tun bai fito ba yana can ƙarƙashin ƙasa yana tsotson saiwar gero, sai ka ga shuka ta tsumbure, ruwa kuwa bai yi fashi ba. Haka son kuɗi yake yi wa ruhu. Mutum yana karatu, yana addu'a, shekara goma da baftisma, ba ya girma. Zakka mai karɓar haraji na Yariko, ran da Yesu ya sauka gidansa, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya mayar wa wanda ya cuta ninki huɗu. Luka sura 19 ke nan.

Wanda ke riƙe da abin wani, kada ya jira kaka. Idan kunya ta hana shi zuwa shi kaɗai, ya nemi dattijo ɗaya ya raka shi cikin makon nan. Bari mu sunkuyar da kai mu yi addu'a.