Jawabi: Jinkan Da Ba Ƙusa Ko Ɗaya

Jawabin yau a kan gidajen manoman ƙauyen Shirakawa ne, a ƙasar Japan. Wasu gidajen sun haura shekara 200, har yau ana kwana cikinsu. A 1995 hukumar UNESCO ta sa ƙauyen cikin kayan tarihin duniya.

Da katako aka gina su, jinkan kuwa na ciyawa ne. Ba ƙusa ko ɗaya a jinkan. Da igiya da ɗanyen reshe ake ɗaure sandunansa. In iska ta taso sai ya ɗan motsa, amma bai karyewa. Yana da tsini ƙwarai, don dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa ƙasa, kada nauyinta ya danne gida. Hayaƙin murhu kuma yana busar da ciyawar, yana korar ƙwari.

Bayan shekara 30 zuwa 40 ake sabon jinka. Iyali ɗaya ba su iyawa, sai an yi gayya, wani lokaci mutum fiye da 100. Yanzu samari da yawa sun koma birni, hannun aiki ya ragu. Manoman sun sani, ranar da gayya ta mutu, gidajen ma sun kama hanya.