Makarantar Garinmu Ta Wa Ce?

Iyayenmu da yayyenmu na ajin Yaƙi da Jahilci. Mun gode da ku ka taso daga gona ku ka zo. Yau ba karatun baƙi za mu fara yi ba. Magana za mu yi a kan makarantar firamare ta garinmu, da waɗanda ke riƙe da ita.

Kwanan baya mun je wani ƙauye a ƙasar Batsari. Mu ka tarar iska ta kwashe rufin aji ɗaya tun farkon damina, yara suna zaune a gindin bedi. Mu ka tambayi dattawa ko sun kai magana. Su ka ce, "Ai ta gwamnati ce, in sun ga dama sa zo." To, wannan amsa ita ce ta kawo mu yau.

Bari mu koma baya kaɗan. A zamanin Turawa, makarantun elementare a hannun En'e su ke. Mutum ya biya haraji, mai shanu ya biya jangali, kuɗin su shiga baitulmalin Katsina. Daga nan a ke gina aji, a biya malami, a sayi allo da alli. Hakimi da dagaci su ke neman yara a kai makaranta. Wanda ya biya haraji da hannunsa ya san da kuɗinsa a cikin ginin. Kwalejin Katsina, wadda a ka buɗe a 1922, ita ce ta horar da malamai da yawa na farko a Arewa. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk a can su ka yi karatu, kuma dukansu sun koyar kafin su shiga mulki.

A 1976 abu biyu su ka faru. A ka rushe tsarin En'e, a ka kafa ƙananan hukumomi. A ka kuma buɗe ilmin firamare kyauta ga kowane yaro a Nijeriya. A 1979 gwamnatin Jihar Kaduna, wadda mu ke cikinta a lokacin, ta soke haraji da jangali. A 1987 a ka ba mu Jihar Katsina. Sa'an nan a 2004 a ka yi doka cewa kowane yaro ya yi shekara 9 a makaranta kyauta, kuma dole ne: shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare.

Yanzu ku saurara ku ji yadda riƙon makaranta ya ke, daga sama zuwa ƙasa.

A Abuja akwai hukumar da a ke kira UBEC. Doka ta ware mata kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Amma ba ta ba jiha kuɗin gini sai jihar ta ajiye nata daidai da shi. Watau kamar mutum biyu ne za su sayi sa, kowa ya kawo rabi.

A Katsina akwai hukumar ilmin firamare ta jiha, wadda a ke kira SUBEB. Ita ce ke kula da makarantun ƙananan hukumomi 34 na jiharmu, ta ba da aikin gini, ta raba littattafai da kujeru.

A Batsari akwai ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, haka kuma a Safana. Shugaban ofishin shi ne Sakataren Ilmi. Ƙarƙashinsa akwai masu duba makarantu, waɗanda aikinsu shi ne su zaga su ga ko malamai suna zuwa, ko yara suna koyo. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ya ke fita.

A cikin makaranta akwai hedimasta da malamansa. Kusa da su kuma akwai kwamitin kula da makaranta. A cikinsa a kan sa mai gari ko wakilinsa, da liman, da iyaye maza da mata, da malami, da masu sana'a, har da 'yan makaranta. Wannan kwamiti naku ne. Ba a neman takardar shaida kafin mutum ya shiga. Manomin rogo yana iya zama a ciki, mai ƙosai ma tana iya zama.

Kun ga ke nan, kuɗin suna tasowa daga nesa, shi ya sa mu ke zaton ba namu ba ne. Amma namu ne. Kuɗin man fetur na ƙasa duka ne, kuma akwai haraji a cikin kuɗin kaya da yawa da mu ke saya a kanti. Mutumin Abuja bai san ajin da ya tsage a Wagini ko Runka ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

To, me za mu yi? In malami ya daina zuwa, kada a tare shi a hanya da faɗa. A fara gaya wa hedimasta. In ba a ga gyara ba, kwamiti ya zauna, ya rubuta takarda zuwa ga Sakataren Ilmi. A sa ranar wata, a faɗi sunan makaranta da abin da ya faru, a sa hannu, a ajiye kwafi ɗaya a gari. A sanar da dagaci, shi kuma ya sanar da hakimi, Sarkin Ruma a Batsari, ko Yariman Katsina a Safana. Magana ta baki iska ke ɗauka, amma takarda tana nan ko bayan shekara.

A nan ne karatunku zai yi amfani. Wanda ya iya karatu yana iya duba rajista ya ga ko sunan ɗansa na ciki. Yana iya karanta allon da a ka kafa a bakin gini, ya ga aji nawa a ka ce za a yi, ya ƙirga da idonsa. Yana iya buɗe littafin 'yarsa da dare ya ga ko an yi darasi yau.

Mun san wahalar da ƙasar nan ta sha daga 'yan bindiga na dajin Rugu. Garuruwa sun tashi, makarantu da yawa sun rufe. A watan Disamba na 2020 a ka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, Allah ya sa a ka sako su. Uban da ya ji tsoro ba mu ga laifinsa ba. Amma wanda ya yi gudun hijira zuwa cikin Batsari ko Safana, ya kai yaransa makarantar da ke kusa, ya ce a rubuta su. Doka ba ta ce sai ɗan gari ba. Yaron da ya rasa shekara 3 na karatu da wuya ya komo aji, kuma 'ya'ya mata su ne su ka fi saurin ɓacewa.

Kafin mu sake haɗuwa, muna roƙon kowa ya yi abu uku. Ya je makarantar garinsu ya gaisa da hedimasta. Ya tambayi sunayen 'yan kwamiti. Ya ƙirga yaran gidansa waɗanda ba su zuwa, ya zo mana da lissafin a rubuce da hannunsa.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa wa yaranmu albarka. Yanzu kowa ya ɗauko fensirinsa.