Gyara da Fentin Ɗan Mutum-mutumin Wasan Yaƙin Tebur



Abin da za mu tattauna a yau bai wuce tsawon yatsa ba, watau ɗan mutum-mutumin nan da masu wasan yaƙin tebur suke girkawa a tsakiyar filin dagarsu. Wasan kuwa ya daɗe a Turai. A 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya buga littafinsa Little Wars, inda ya tsara dokokin yaƙi da sojojin wasan yara. Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, shi ya fito da Warhammer a 1983. Sojojin irin wannan wasa tsayinsu misalin milimita 28 ne, ana jera su tsakanin 'yan kangaye da tuddai da mutum-mutumai.

To, mutum-mutumin nan ba ado ba ne kurum. Bayansa sojoji suke fakewa, saboda haka kullum hannu yana kansa, yau a ture shi, gobe ya faɗo ƙasa, takobi ko hannu ya ɓalle. Mai gaggawa sai ya ɗiga gam ya manna, bayan wasa biyu abin ya sake rabuwa, domin bakin karayar ya yi ƙanƙanta, gam ba shi da wurin kamawa. Abin da ya dace shi ne a fara wanke shi da sabulu, a bar shi ya bushe. Sa'an nan a huda ɗan rami a kowane ɓangare, a yanko guntun waya a zura a ciki da gam mai saurin kamawa, wayar ta zama ƙashi. Giɓin da ya rage a cike shi da ƙullun Milliput, wanda ake cuɗa kashi biyunsa daidai wa daida, a daidaita shi da jiƙaƙƙen tsinke, in ya sandare a goge da samfefa.

Amma a ra'ayinmu ba kowace karaya ake ɗorawa ba. In gefen hanci ya guntule, ko kafaɗa ta tsage, a ƙyale su. Ai abin da ake son nunawa dutse ne wanda ya shekara ɗaruruwa yana shan rana da ruwa, tabon kuwa shi ne shaidarsa.

Wajen fenti ne mutane suka fi ɓata aiki. Wani sai ya yi wa mutum-mutumi launin fata da idanu, ya sa masa jar riga, har abokin karawa ya ɗauka soja ne, gardama ta tashi ana tsakiyar wasa. Ƙa'idar ita ce a tashi daga duhu a nufi haske. A shimfiɗa fentin share fage baƙi, a bi shi da ruwan toka mai duhu. Sa'an nan a tsinka launin ƙasa-ƙasa da ruwa sosai, a shafe jikin duka, ya gangara ya kwanta cikin lunguna. Bayan ya bushe, a tsoma burushi cikin ruwan toka mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a riƙa shafawa sama-sama. Wuraren da suka tasa kaɗai za su kama. Ruwan toka zalla kuwa siminti yake nunawa, ba dutse ba, don haka a ɗan surka shi da rawaya. A ja siraran layukan duhu daga kafaɗa zuwa ƙasa, inda ruwan sama yake bi, a ɗiga kore a gindi a matsayin gansakuka.

In tagulla ake nufi, koren tsatsarta cikin lunguna yake taruwa, wurin da hannun masu wucewa yake shafa kuwa, kamar ƙafa, ya zauna da ƙyallinsa. Daga ƙarshe a fesa banish marar sheƙi, shafi biyu marasa kauri, don kada yatsun 'yan wasa su cinye fentin.