Hatimi a Buhun Siminti, Babu Hatimi a Bulo: Inda Tantance Kayan Gini Ya Tsaya a Zariya



Buhun siminti mai kilo 50 yakan iso Dutsen Abba da hatimin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa (SON) a jikinsa, da matakin ƙarfinsa, 32.5 ko 42.5. Da an farke bakinsa a wurin buga bulo, tantancewa ta ƙare. Bango kuwa da bulo ake tayar da shi, bulon ne kuma abin da ba mai aunawa.

Ba dokoki muka rasa ba. An kafa SON tun 1971, an sabunta dokarta a 2015. Akwai SONCAP na kayan shigowa, akwai MANCAP na kayan da ake yi a gida. Akwai Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006, wanda aka yi shekara da shekaru ana jiran dokar da za ta tilasta shi. Ma'aunin NIS 87 ya fayyace ƙarfin bulo: kada ya gaza 2.5 N/mm² a bangon da ba ya ɗaukar nauyi, da 3.45 a mai ɗauka, ana kuma auna shi bayan kwana 28. Binciken jami'o'inmu ya sha nuna cewa bulon kasuwa yakan gaza wannan ƙwarai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Siminti ya yi tsada, sai mai bulo ya ƙara yashi don buhu ya haifi 'ya'ya da yawa. Yashin ma sau tari da laka a cikinsa. Ban ruwan da ya kamata a yi mako guda ana yi, sai a yi kwana biyu, a loda wa mota. Na tsaya a wani wurin buga bulo a nan yankin, na ga mai inci tara yana marmashewa a hannun lebura tun kafin ya kai ga birkila. Mai gida ya sayi araha, ya kwana ƙarƙashinta da iyalinsa.

A 2014 an yi wata da watanni ana cacar baki kan matakan siminti. Da an ba bulo rabin wannan kulawa, da mun yi nisa. Benen Ikoyi mai hawa 21 ya rushe a Nuwamban 2021, mutum sama da 40 suka rasu. Makarantar Saints Academy ta Jos ta rufta a Yulin 2024, aka rasa rai 22. Kowane lokaci sai a kafa kwamiti. Jami'ai, har yaushe za mu ci gaba da auna bulo bayan an yi jana'iza?



Abin da nake nema uku ne. SON ta yi wa masu buga bulo rajista ta hannun ƙungiyarsu, kowa ya buga alamarsa a jikin bulonsa. A amince wa ɗakunan gwaji na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli su riƙa gwada bulo a kuɗin da ƙaramin mai sana'a zai iya biya. Hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, KASUPDA, kuma ta nemi takardar gwajin kafin a zuba dakin kowane bene.

Injinan gwajin suna nan Zariya, masanan ma suna nan. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.