Jawabi Ga Makiyaya: A Duba Sama Kafin A Kafa Turke



Maganata a yau kan zuma ce. Hausawa sun ce zuma ga zaƙi ga harbi. Idan rani ya yi muka gangara kudu, wajen Gaya ko Madarunfa ko Magarya inda itatuwa suke da yawa, mun shiga ƙasarta ke nan. Tana zama cikin kogon kuka, ko cikin amyar da mutanen gari suka rataya a ɗorawa da tsamiya. Inuwar da muke nema wa dabbobinmu, nan gidanta yake.

Mu fara da bambanta su. Zanzaro mai ginin laka ba kasafai yake harbi ba. Rina tana harbi ta sake harbi. Ita kuwa zuma sau ɗaya take harbin mutum, ta bar ƙarinta a fata, ta mutu. To amma ƙarin nan yana ci gaba da zuba dafi, kuma yana fid da wani wari da ke kiran 'yan'uwanta. Shi ya sa harbi ɗaya kusa da amya yake zama ɗari.

Wanda ya fi shan wahala shi ne wanda ba ya iya gudu. Saniyar da ke sake za ta tsere. Amma jaki mai dabaibayi, da doki a turke, da maruƙa a dangwali, da jaririn da aka kwantar a gindin itace, nan zuma za ta rufe su, wani lokaci har a rasa rai. Saboda haka kafin ku sauke kaya, ku ɗaga kai ku duba. In kun ga amya, ko ƙudaje suna shiga suna fita daga kogo, ku matsa gaba. Haka nan fatake a kara, kafin a ɗaure shanu.

Yaranmu masu hawa itace su saro wa dabbobi ganye, a gargaɗe su. Sara da jifa da girgiza reshe su ne ke tayar da ita. Zumar da ke shan ruwa a bakin rijiya ƙishirwa ta kawo ta, kada a kai mata duka. Amya kuma dukiyar wani ce. Wanda ya cinna mata wuta ya jawo mana rigima da mutanen gari, ga gobarar da za ta cinye ciyawar da muka zo nema.

Idan ta taso, a yanke igiya a kora dabba, a ɗauki yaro. A rufe fuska da rawani, a yi gudu, a shiga ɗaki ko mota a rufe. Kada a tsaya ana kaɗe-kaɗe da hannu, kada a faɗa tafki, domin za ta jira a sama. Da an tsira, a kankare ƙarin da farce nan da nan, a wanke da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi.

Kumburi da zafi a wurin harbin zai wuce. Amma in fuska ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya yi wuya, jiri ya kama mutum, ko borin jini ya fito ko'ina a jiki, to ko harbi ɗaya ne a garzaya gidan likita, akwai allurarsa. Kada a tsaya jiƙa sassaƙe. Haka nan wanda ya sha harbi da yawa, musamman in fitsarinsa ya yi baƙi, domin dafin yana taɓa ƙoda. Dabba kuma a nemo mata malamin dabbobi.

Ku kai wannan saƙo rugage, mata da yara su ji. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya sa mu ga damina lafiya.